Bin Ƙa'ida Ma Doka Ce: Darasi Daga Kotunan Cocin Katolika Ga 'Yan Kasuwar Yelu Da Gaya

Duk wanda ya daɗe yana zama a rumfunan kasuwannin gundumar Gaya, daga Yelu da Malgoru har zuwa bakin gadar Malanbil, ya sha jin wannan kuka: "Wallahi ni ke da gaskiya, amma aka ba shi." Mai wannan magana wani lokaci 'yar kasuwa ce da ta ba da buhunan gari bashi, wani lokaci manomi ne da aka cinye masa gonar gado, wani lokaci kuma dillali ne da aka tasa daga rumfar da ya shekara ashirin a cikinta. Idan aka zauna aka bi diddigin maganar, sau da yawa za a tarar lallai mutumin yana da gaskiyar. Abin da ya rasa shi ne hanyar da zai bi ya kai ta gaban mai hukunci. Ko dai bai tsayar da shaida ba, ko bai karɓi takarda ba, ko ya tsallake ƙofar sarki ya nufi kotu, ko kuma ya bari kwanakin ɗaukaka ƙara sun wuce yana jiran a gama girbi.

Wannan hanya ita ce masana shari'a ke kira bin ƙa'ida, wato tsarin da ake bi tun daga shigar da ƙara, da kai sammaci, da sauraren kowane ɓangare, har zuwa yanke hukunci da ɗaukaka shi. Jama'a da dama suna kallon wannan tsari a matsayin wahalar da ma'aikata suka ƙirƙiro don su ja wa talaka rai. Akwai ƙamshin gaskiya a wannan zargi, kuma za mu zo kansa. Sai dai tarihin shari'a ya nuna cewa an kafa waɗannan matakai ne domin a ɗaure hannun mai iko, kada ya yanke wa mutum hukunci a bayan idonsa.

Ɗaya daga cikin wuraren da aka fi daɗewa ana tattauna wannan batu shi ne kotunan Cocin Katolika. Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa mai sayar da muruci a Yelu da dokar coci? Dalilai biyu ne. Na farko, duk da cewa Kiristoci 'yan tsiraru ne a Nijar, 'yan kasuwar Gaya suna cuɗanya kullum da mabiya Katolika daga Benin da Togo da Nijeriya. Na biyu kuma, wanda ya fi muhimmanci, tsarin shari'ar da Nijar ta gada daga Faransa, na sammaci da magatakarda da rubuta komai a takarda, a kotunan coci na Turai ya girma shekaru ɗaruruwa da suka wuce, kafin sarakuna su ɗauke shi zuwa nasu kotunan.

Mece ce dokar Kanon?

Cocin Katolika, wanda mabiyansa suka haura biliyan ɗaya a duniya, yana da dokokinsa na cikin gida da ake kira dokar Kanon. A shekarar 1917 aka fara tattara su cikin kundi guda. Kundin da ake aiki da shi yanzu Paparoma John Paul na Biyu ne ya ƙaddamar da shi ranar 25 ga Janairu, 1983, kuma yana ƙunshe da sassa 1,752 da aka raba cikin littattafai bakwai. Littafi na bakwai, daga sashe na 1400 har zuwa ƙarshe, ya tsaya ne kacokan a kan yadda ake gudanar da shari'a. Wato kusan kashi ɗaya cikin biyar na kundin bayanin hanya ne.

A kowane dayosis, wato yankin da bishop ɗaya ke shugabanta, bishop ɗin shi ne alƙali na farko, amma yakan naɗa wani fada da ya karanci doka ya riƙe masa kotu. Wanda bai gamsu da hukunci ba zai iya ɗaukaka ƙara zuwa kotu ta biyu, daga nan har zuwa babbar kotun da ake kira Rota a birnin Rum. A Nijar dayosis biyu ne, na Yamai, wanda aka ɗaga darajarsa zuwa babban dayosis a 2007 kuma jihar Dosso na ƙarƙashinsa, sai na Maraɗi da aka kafa a 2001. Waɗannan kotuna ba su da kurkuku, ba su da jandarma, kuma hukuncinsu bai maye gurbin na kotun gwamnati ba. Galibin aikinsu shi ne duba ingancin aure, da ladabtar da limaman coci, da rikicin da ya shafi dukiyar coci.

Abin da ya ja hankalin masana shi ne, duk girman kundin nan, ba a ware wani sashe guda aka yi masa take da cewa bin ƙa'ida shi ne ginshiƙin doka ba. Amma duk inda ka buɗa sai ka ci karo da shi, kamar gishiri a miya. Shi ya sa suke kiransa ginshiƙin da ke ɓoye.

Daga ina abin ya samo asali?

A Turai ta da, idan aka rasa shaida, akan sa wanda ake zargi ya ɗauki jan ƙarfe daga wuta, ko a ɗaure shi a jefa a ruwa, a ce sakamakon shi ne hukuncin Allah. Limaman coci ne ke sa wa ƙarfen ko ruwan albarka. Irin wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu, domin a nan cikin jihar Dosso, a Lugu ta ƙasar Arewa, mutanen gargajiya sun daɗe suna kai ƙara gaban dutsen Tunguma. A shekarar 1215, a babban taron da Paparoma Innocent na Uku ya kira a Lateran, aka hana limamai sa hannu cikin irin wannan gwaji. Taron ya kuma wajabta wa kowane alƙali ya ajiye magatakarda, ko kuwa amintattun mutane biyu, su rubuta duk abin da ya gudana, daga sammaci zuwa maganar shaidu, a kuma ba kowane ɓangare kwafinsa. Da aka rufe ƙofar jan ƙarfe, tilas aka koma ga hujja da shaida.

Malaman dokar coci sun kafa hujjarsu da labarin Annabi Adamu kamar yadda ya zo a littafin Farawa na Baibul. Tun wajen shekarar 1150 wani malami mai suna Paucapalea ya lura cewa, duk da Ubangiji ya san abin da Adamu ya aikata, sai da Ya kira shi, Ya tambaye shi, Ya saurari uzurinsa, sannan hukunci ya biyo baya. Daga nan suka ce, idan Masanin komai bai tsallake sammaci da saurare ba, wane ne bishop ko sarki da zai tsallake su? Wani kadinal ɗan Faransa, Johannes Monachus, wanda ya rasu a 1313, ya ɗora a kan haka cewa ko Paparoma ba shi da ikon hana mutum kare kansa, kuma kowa ana ɗaukarsa marar laifi har sai an tabbatar da laifinsa.

Ba a daɗe ba aka gwada wannan magana a kan masu mulki. A 1313 Sarkin Sarakuna Henry na Bakwai ya yanke wa Sarki Robert na Naples hukuncin kisa bisa zargin cin amana, alhali Robert ba ya wurin. Paparoma Clement na Biyar ya ce hukuncin rusasshe ne, domin an kira Robert zuwa wurin da ba zai iya zuwa cikin aminci ba, kuma 'yancin kare kai ba kyautar sarki ba ce balle ya janye ta.

Inda ginshiƙin yake ɓoye

A 1967, lokacin da ake shirin sabunta kundin, taron bishop-bishop a Rum ya amince da manufofi goma da za a bi, biyu daga cikinsu sun shafi kare haƙƙin mabiya da samar musu hanyar kai kuka. Ga kaɗan daga cikin yadda abin ya fito a kundin 1983.

Sashe na 221 ya ba kowane mabiyi damar neman haƙƙinsa a gaban kotun da ta dace, ya kuma hana a hukunta shi sai bisa doka. Sashe na 1511 ya ce idan ba a isar da sammaci yadda ya kamata ba, abin da aka yi a shari'ar bai inganta ba. Sashe na 1437 ya ce takardun shari'a ba su da inganci muddin magatakarda bai sa musu hannu ba. Sashe na 1598 ya tilasta wa alƙali ya bar kowane ɓangare ya duba hujjojin da aka tara kafin hukunci. Sashe na 1620 kuwa ya lissafa kurakuran da ke rusa hukunci gaba ɗaya, ciki har da hana ɗaya daga cikin masu shari'a damar kare kansa. An kuma hana alƙali zama a shari'ar da ta shafi danginsa na kusa ko babban amininsa ko abokin gabarsa, an hana shi karɓar kowace irin kyauta saboda shari'a, an ce a saurari ƙararraki bi da bi yadda aka shigar da su.

Abin bai tsaya a ɗakin kotu ba, kuma nan ne ya kamata 'yan kasuwa su buɗe kunne. Ɗauki misalin sayar da fili ko ginin coci. Sassa na 1291 zuwa 1298 sun ce idan kuɗin dukiyar ya kai wani adadi, dole a sami izinin hukumar da ta dace, a sami ƙwaƙƙwaran dalili, masana su ƙiyasta farashi a rubuce. Shi kansa bishop sai ya sami amincewar majalisar kuɗi da ta mashawartansa, idan kuɗin ya wuce wani iyaka kuma sai an nemi izini daga Rum. An ma hana sayar wa masu kula da dukiyar ko danginsu na kusa sai da izini na musamman a rubuce. Saboda haka ɗan kasuwar da wani fada ya yi wa tayin filin coci, ko da sun yi shekara talatin suna mutunci, ya nemi ganin takardar izini kafin ya ƙirga ko sisi, domin a idon dokar coci cinikin da aka yi babu izinin nan bai ƙullu ba.

Haka aure. Tun daga taron Trent a 1563, auren Katolika ba ya ƙulluwa sai a gaban limamin da ke da izini da shaidu biyu. Haka kuma cire fada daga majami'arsa. Bishop yana da iko, amma sashe na 1740 zuwa 1747 sun gindaya masa matakai: ya yi bincike, ya tattauna da wasu limamai biyu, ya faɗa wa mutumin dalilai, ya ba shi kwana 15 ya yi murabus da kansa, idan ya ƙi ya bar shi ya duba takardu ya mayar da martani a rubuce. Idan fadan ya ɗaukaka ƙara, bishop ba zai naɗa wani na dindindin a gurbinsa ba sai an gama. Maganar da ta fi shahara a duk kundin, cewa ceton rayuka shi ne doka mafi girma, tana ƙarshen sashe na 1752 ne, wanda ke bayanin matakan da ake bi wajen yi wa fada canjin wurin aiki.

Malamanmu ma sun san da wannan

Musulmin da ya karanta abin da ya gabata ba zai ji baƙon abu ba. Sashe na 1526 na kundin ya ɗora nauyin kawo hujja a kan mai da'awa, kuma wannan ita ce ƙa'idar da kowane ɗalibin fiƙihu ya haddace, cewa hujja tana kan mai ƙara, rantsuwa kuma tana kan wanda ya musa. Wasiƙar Sayyidina Umar ga Abu Musa al-Ash'ari ta umarci alƙali ya daidaita masu shari'a a wurin zama da fuskar da yake nuna musu. A mazhabar Malikiyya akwai i'izari, wato kafin alƙali ya yanke hukunci sai ya tambayi wanda hukuncin zai hau kansa ko yana da sauran hujja ko suka ga shaidu. Littafin Tuhfa na Ibn Asim, wanda alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe suna aiki da shi, ya yi bayanin haka, kuma Malam Abdullahi na Gwandu, maƙwabcinmu ta gabas, ya rubuta Liya'ul Hukkami domin shiryar da masu mulki da alƙalai.

Masu karatu za su tuna shari'ar Amina Lawal, wadda Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta Katsina ta sallama ranar 25 ga Satumba, 2003. Cikin dalilan da kotun ta bayar akwai cewa alƙalin farko ya zauna shi kaɗai alhali doka ta ce ya zauna da wasu mutum biyu, kuma ba a karɓi janye iƙirarin da ta yi ba. Ran mace ɗungurungum ya rataya a kan ko an bi matakai ko ba a bi ba.

A Yelu, ƙofar sarki kafin ƙofar alƙali

Yelu ƙaramar hukuma ce a gundumar Gaya, cikin fadamar Dallol Mawri, ƙasar giginya da rogo da rake, inda Cangawa da Hausawa da Dandawa da Zabarmawa da Fulani ke zaune tare. Wurin da ƙasa ke da albarka, ga manoma ga makiyaya ga baƙi masu neman fili, ba ya rabuwa da rikicin gona da na burtali. Dokar Nijar ta shimfiɗa hanyar da za a bi, kuma rashin saninta ya jawo wa mutane da yawa asara.

Dokar karkara, wato doka mai lamba 93-015 ta ranar 2 ga Maris, 1993, ta faɗa a sashenta na 149 cewa kafin a kai rikicin gona ko kiwo gaban alƙali, tilas ne a fara gwada sulhu wurin sarakunan gargajiya, a kuma rubuta sakamakon a takardar da ma'aikata ke kira PV. Dokar masarautu ta 1993, da wadda ta gaje ta a Janairun 2015, sun ba maigari da sarkin kanto ikon sasanta mutane. A lura da kyau, ikon sulhu aka ba su, yanke hukunci aikin alƙali ne. Idan an sasanta, sarki ya rubuta takardar sulhu, kowa ya sa hannu, kuma ana iya kai ta kotu a buga mata hatimin da zai sa a zartar da ita da ƙarfin hukuma. Idan ba a sasanta ba, ya rubuta takardar rashin sulhu, ita ce mabuɗin ƙofar kotu. Wanda ya yi fushi ya hau babur zuwa kotun Gaya babu wannan takarda, zai iya dawowa da kuɗin mai kawai a matsayin riba. Dokar coci ma haka ta tsara, domin sashe na 1446 ya umarci alƙali tun daga farko, da duk lokacin da ya ga alamar nasara, ya ja hankalin masu jayayya su sasanta.

Kuskure na biyu shi ne sulhun baka. An taru a zauren maigari, dattawa sun yi magana, an yi fatiha, kowa ya watse, ba a rubuta komai ba. Bayan shekara goma maigarin ya rasu, dattawan sun rasu, 'ya'ya sun tada maganar daga tushe. Don maganin haka ne dokar karkara ta kafa hukumomin filaye da ake kira Kofo, tun daga na ƙauye wanda maigari ke shugabanta, zuwa na ƙaramar hukuma da na gunduma. Suna ba da takardar shaidar saye, da ta kyauta, da ta aro, da ta haya, da ta jingina, da ta mallakar gado. 'Yan kasuwa, musamman mata da ke zuba ribarsu wajen karɓar jinginar gona ko garka, su ne suka fi bukatar wannan takarda, saboda jinginar da ba a rubuta ba ita ce gobe ake cewa aro ne, aron da ba a rubuta ba kuma shi ne jibi ake cewa gado ne.

Ko a gaban alƙali, idan shari'ar ta al'ada ce kamar aure da gado da gonar da ba ta da rajista, doka ta ce ya zauna da mataimaka masana al'adar masu shari'ar, ya kuma rubuta al'adar da ya yi aiki da ita a cikin hukuncin. Kotun ƙoli a Yamai ta sha rusa hukunce-hukunce saboda kawai an manta da wannan.

Bashi yana da wa'adi

Ga masu saye da sayarwa akwai wata dokar kuma. Nijar da Benin suna cikin ƙasashe 17 na ƙungiyar OHADA, wadda aka kafa da yarjejeniyar 1993 domin daidaita dokokin kasuwanci. Nijeriya ba ta ciki, don haka wanda ke hulɗa da Kamba ya san cewa wata doka ce daban ke aiki a can. A ƙarƙashin OHADA, ana iya tabbatar da ciniki a kan ɗan kasuwa ta kowace hanya, da shaidu, da littafin lissafi, har da saƙon waya. Amma haƙƙin kai ƙara ba ya dawwama. Bashin da ke tsakanin 'yan kasuwa yakan faɗi bayan shekara biyar, na cinikin kaya tsakanin ɗan kasuwa da ɗan kasuwa kuwa bayan shekara biyu.

A ce Hajiya ta ba wani mai shago buhu 40 na shinkafa, ya yi ta yi mata gobe-jibi, ita kuma kunya da zumunci sun hana ta matsawa. Ranar da haƙurinta ya ƙare, mai yiwuwa wa'adin ma ya ƙare. Da ta sa ya rubuta mata amincewa da bashin ya sa hannu, da lissafin wa'adin ya koma sabo, da kuma ta sami damar bin gajeriyar hanyar da doka ta tanada, inda alƙali ke ba da umarnin biya bisa takardu ba tare da doguwar shari'a ba. Shi ma wanda aka kawo wa irin wannan umarni kada ya cusa shi ƙarƙashin tabarma. A da kwana 15 yake da su ya ƙalubalance shi, gyaran da ya fara aiki a Fabrairun 2024 ya rage su zuwa kwana 10. Ba banza ba aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, ta sauka a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu.

Darasin tsibirin Lete

Mutanen Gaya sun ga amfanin takarda da idonsu. Nijar da Benin sun shafe shekaru fiye da 40 suna jayayya kan tsibirin Lete da ke cikin kogin Kwara, har an zubar da jini a 1960, dangantaka ta yi tsami ƙwarai a 1963. A 2001 ƙasashen biyu suka sa hannu kan yarjejeniyar kai maganar Kotun Duniya da ke Hague, kowa ya gabatar da hujjojinsa a rubuce, kowa ya ga na ɗan'uwansa ya mayar da martani. Ranar 12 ga Yuli, 2005, kotun ta ba Nijar tsibirai 16 cikin 25, har da Lete, ta ba Benin tara. Cikin takardun da suka yi nauyi akwai wata wasiƙa da baturen mulkin Gaya, Sadoux, ya rubuta ranar 3 ga Yuli, 1914, kan yadda za a riƙa raba iko da tsibiran. Wasiƙar da ta shekara 91 a ajiye ita ta yi magana bayan duk waɗanda suka san zancen sun mutu, kuma ƙasashen biyu suka karɓi hukuncin saboda an saurari kowa.

Inda ƙa'ida ke zama sarƙa

Mu koma ga zargin da muka ambata da farko. Gaskiya ne matakai suna iya zama makami a hannun mai kuɗi, ya yi ta neman a ɗaga shari'a har talaka ya gaji da kuɗin mota tsakanin Yelu da Gaya da Dosso. Cocin Katolika ma bai tsira daga wannan ba. Kundinsa ya ce a gama shari'a cikin shekara ɗaya a kotun farko, wata shida a ta biyu, amma shari'o'in aure sun riƙa ɗaukar shekaru, musamman da yake a da sai kotuna biyu sun yi hukunci iri ɗaya kafin a ce aure bai ƙullu ba. A 2015 Paparoma Francis ya soke wannan sharaɗi, ya buɗe gajeriyar hanya a gaban bishop, ya kuma nemi a sauƙaƙa kuɗin shari'a. Haka nan, badaƙalar cin zarafin yara ta nuna yadda wasu shugabannin coci suka fake da sirri suka ƙi bin matakan binciken da dokarsu ta tanada. Sai a 2019 aka kafa tsarin da ya wajabta wa limamai kai rahoto, aka kuma cire irin waɗannan shari'o'i daga ƙarƙashin sirrin Paparoma. A 2021 aka sabunta littafin hukunce-hukunce, aka rubuta ƙarara a sashe na 1321 cewa kowa marar laifi ne har sai an tabbatar da akasin haka, fiye da shekara 700 bayan Johannes Monachus ya faɗe ta. Paparoma Leo na 14, wanda aka zaɓa a Mayun 2025, shi kansa yana da digirin digirgir a dokar Kanon.

Abin lura shi ne duk waɗannan gyare-gyare sun rage tsawon hanya ne, ba su taɓa sammaci da saurare da shaida da rubutu ba. Wannan ma'auni ne da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa, da sarakunan kasuwa, da iyayen adashi za su iya ɗauka. Kafin a ƙwace wa mace rumfa, ko a ci ta tara, ko a cire ta daga adashi, a kira ta, a faɗa mata abin da ake zarginta da shi da wanda ya faɗa, a bar ta ta kawo nata shaidun, kada ɗan'uwan abokin rigimarta ya zauna cikin masu yanke magana, sannan a rubuta abin da aka yanke da dalilinsa.

Ke kuma 'yar kasuwa, kai kuma ɗan kasuwa, duk bashin da ya wuce abin da za ka iya yafewa ka rubuta shi da kwanan wata da shaidu biyu. Duk gonar da ka saya ko ka karɓi jinginarta ka je Kofo. Idan an yi sulhu ka nemi kwafin PV kafin ka bar zauren. Idan sammaci ya zo ka amsa, ko da kana ganin ƙarar banza ce, domin ana yanke wa wanda ya ƙi zuwa hukunci a bayansa. Ranar da aka yanke hukuncin da bai yi maka daɗi ba, tambayar farko da za ka yi wa magatakardan kotu kafin ka fita ita ce, kwana nawa gare ni in ɗaukaka ƙara?